Mahaifin ɗalibata ya ce darasin muhawara ya ɓata masa 'ya

Wata malama ta aiko da wasiƙa daga Jos, ga abin da ta ce a taƙaice: "Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Unguwar Rogo, ina riƙe da aji biyar mai ɗalibai 58. Tsarin aikin zangon nan ya ƙunshi rubutun ra'ayi da muhawara da Turanci, sai na ba yaran taken da mu ma aka ba mu muna ƙanana, wato uwa ta fi uba amfani a gida. Yawancinsu sun haddace gaisuwar shugaban taro da alƙalai da mai kula da lokaci, daga nan suka tsaya cak. Yarinya ɗaya mai ƙoƙari ce ta cika shafi, ta je gida ta karanta wa mahaifinta, wanda yake sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada. Washegari ya zo makaranta ransa a ɓace, ya ce na koya wa 'yarsa rashin kunya, domin yanzu duk abin da aka faɗa mata sai ta ce mene ne dalili, kuma zai cire ta. Hedimasta ya ce in san yadda zan yi. Da albashin nan nake tallafa wa gidanmu. In bar darasin ne in koma ba su cike gurbi, ko in ci gaba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki bar darasin, amma kada ki ci gaba da shi yadda kika faro, kuma kafin ki sake ɗaukar alli a kan wannan batu akwai haƙurin da ya kamata ki bai wa mahaifin yarinyar, domin a cikin ƙorafinsa akwai gaskiya guda da ba za a tsallake ta ba.

Gaskiyar ita ce taken da kika bayar bai dace ba, ko da yake ba ke kika ƙirƙiro shi ba, gado ne da makarantunmu suke miƙa wa juna tare da 'yan'uwansa irin su likita ya fi malami da birni ya fi ƙauye. Matsalar irin waɗannan take ita ce babu wata shaida a duniya da za ta raba gardamar, saboda haka yaro ba ya koyon neman hujja, abin da yake koya shi ne ɗaga murya da ƙasƙantar da ɗaya ɓangaren. A naki taken kuwa ɗaya ɓangaren uba ne. Ki auna yadda mutumin da yake fita kasuwa tun asuba cikin sanyin Jos zai ji idan ya dawo da yamma 'yarsa ta tare shi da takarda, ta karanta masa dalilai biyar da suka nuna ba shi da amfani kamar uwarta. Bayan wannan, a cikin yara 58 da wuya a rasa maraya ko wanda iyayensa suka rabu, kuma irin wannan yaron ba zai zo ya yi miki ƙorafi ba, sunkuyar da kai kawai zai yi har a tashi.

Amma ɗaya rabin ƙorafin, wato yarinyar ta fara tambayar dalili, wannan alama ce ta cewa darasin ya shiga. Yaron da aka fara bai wa reza don fiƙe fensir, a makon farko har gefen benci sai ya fiƙe, kuma babu mai hankalin da zai ce maganin abin shi ne a bar shi ya yi ta rubutu da dakusasshen fensir. Ta sami sabon abin aiki ne ba a nuna mata inda ake amfani da shi da inda ake ajiye shi ba, kuma nuna mata wannan yana cikin darasin da kike koyarwa, ba wani aiki ne na dabam da za a bar wa gida ba.

Ki nemi hedimasta ya gayyato mahaifin, kuma ya zauna tare da ku, domin darasin yana cikin tsarin aikin da makaranta ta ba ki, bai kamata a bar ki ke kaɗai da nauyinsa ba. Ki ɗauki tsarin aikin ki nuna wa hedimasta cikin ladabi, ki tambaye shi ko makaranta tana so a tsallake wannan sashe ne; da wuya ya ce eh, kuma da zarar ya ce a'a ya shiga cikin maganar. Idan mahaifin, mu kira shi Alhaji, ya zo, ki gaishe shi yadda ake gaida uba, ki fara da cewa taken da aka bayar kuskure ne kuma an janye shi, ki bar shi ya faɗi duk abin da yake ransa ba tare da kin katse shi ba. Kada ki shiga zaman da niyyar kayar da shi da hujja, domin uban da aka kayar a gaban hedimasta gobe zai ɗauke 'yarsa ko da ya san an fi shi gaskiya.

Idan ya huce ya tambayi amfanin darasin, kina da abin faɗa daga cikin gida, ba sai kin ambaci Turawa ba. Alƙur'ani a Suratun Nahli, aya ta 125, ya yi umarni da a yi jayayya ta hanyar da ta fi kyau, kuma sura ta 58 ta sami sunanta ne daga matar da ta zo tana mayar da magana da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan abin da ya shiga tsakaninta da mijinta. A tarihinmu, Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno sun yi musayar wasiƙu masu zafi a kan halaccin yaƙar Borno, kuma da Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812 sai ya kawo maganar al-Kanemi a ciki sannan ya bi ta da amsa, bai ɓoye hujjar abokin jayayyarsa ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda malamin makaranta ne a Bauchi kafin siyasa, ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, kuma har yau ana tunawa da shi a matsayin mutum mai ladabi da daɗin harshe. Ki zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan ki ambata a taƙaice, kada ki mayar da zaman wa'azi, domin mai yiwuwa ya fi ki karatun addini. Sannan ki gaya masa abin da yake gaban 'yarsa: jarrabawar Turanci ta WAEC tana da sashen insha'i, kuma rubutun muhawara yana cikin nau'o'in da ake tambaya, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Fiye da jarrabawa ma, yarinyar da ta saba tambayar ta yaya aka sani ba za ta yi saurin yarda da saƙon ɗan damfara a waya ko jita-jitar WhatsApp ba, kuma mutumin da ya zauna a Jos a lokacin rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 ya san abin da jita-jita take iya jawowa.

Yanzu sai aji. Abin da ya sa yawancin yaranki suka haddace gaisuwa suka tsaya shi ne an ɗora musu kaya biyu lokaci guda, neman abin faɗa da neman Turancin faɗarsa, kuma yaro ɗan shekara goma idan kaya biyu suka yi masa yawa sai ya kama wanda ake iya haddacewa. Ki raba musu kayan. Ki bar su su fara tunani da baki, da Hausa, wadda a Jos ko yaron da harshen gidansu Birom ne ko Yarbanci yawanci yana jin ta, sannan a juya zuwa Turanci bayan an san abin da za a ce. Idan makarantarku tana cikin masu cin tarar wanda ya yi Hausa a aji, ki nemi izinin minti goma a farkon darasi, ki bayyana wa hedimasta cewa rubutun da za a miƙa da Turanci zai kasance. Gaisuwar alƙalai kuwa ki ajiye ta gaba ɗaya har ranar da za a yi gasa, domin ana koyon ta cikin rabin sa'a.

Darasin farko ba ya bukatar rubutu. Ki rubuta jimloli uku a allo: Jos tana cikin Jihar Filato; Jos ta fi Kano sanyi; Jos ta fi Kano daɗin zama. Ki tambaye su wacce ce babu mai musu a kanta, wacce ce za a iya tabbatarwa idan an bincika, wacce ce kuma mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kanta. Ta biyun ita ce mai amfani sosai, domin yara za su ce ai kowa ya sani, ke kuma sai ki tambaye su yadda za su gamsar da yaron da bai taɓa barin Kano ba, har wani ya kawo maganar ma'aunin zafi ko rahoton yanayi a rediyo, ke kuma ki ƙara musu da cewa garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku. Ta ukun ita ce ra'ayi, kuma daga nan za su gane cewa ra'ayi yana tsayawa ne a kan irin jimla ta biyu.

Daga nan ki zaɓi take daga rayuwar makarantar kanta, wanda yake da ɓangare biyu na gaske kuma yara za su iya samo shaidarsa da ƙafarsu. Ga misali da ya dace da garinku: shin ya kamata a jinkirta shiga aji da rabin sa'a a lokacin hunturu? Na tabbata jimlar farko da za ki samu ita ce, ya kamata a jinkirta domin sanyi ba daɗi. Kada ki soke ta, ki rubuta ta a allo yadda take, ki tambayi mai ita ko sanyin yana hana wani abu. Zai ce yana sa a makara. Ki ce ta yaya ka sani? A nan za a yi shiru, kuma wannan shirun ki bar shi ya ɗan daɗe, domin a cikinsa ne wani zai tuna cewa akwai rajistar aji. Ki ba yara uku rajistar su ƙirga waɗanda suka makara ko suka ƙi zuwa a mako biyu na Oktoba, su sake ƙirgawa a mako biyu na Janairu, su rubuta lambobin biyu a allo. Idan lambobin sun goyi bayansu, sun sami shaida. Idan kuma babu wani bambanci, darasin ya fi armashi, domin sun ga da idonsu yadda abin da kowa ya ɗauka gaskiya ne yake faɗuwa a gaban ƙidaya.

Akwai mataki na uku da malamai da yawa suke tsallakewa, shi ne haɗa shaidar da ra'ayin. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, ya nuna a 1958 cewa tsakanin abin da mutum yake da'awa da shaidar da ya kawo akwai wata gada da sau da yawa ba a furtawa, kuma a nan ne hujja take karyewa. Ba sai yaranki sun ji sunansa ba, tambaya ɗaya ta ishe su: to sai me? An makara da yawa a Janairu, to sai me? Sai yaro ya ce wanda ya makara yana rasa darasin farko, wanda a yawancin ranaku lissafi ne, kuma lissafi idan ka rasa na yau ba za ka gane na gobe ba. Yanzu maganar ta tashi daga sanyi ba daɗi ta koma asarar karatu, wadda ita ce za ta sa hedimasta ya saurara. Tambayoyin nan uku, me kake gani, ta yaya ka sani, to sai me, ki rubuta su a kwali ki liƙa a bango, su ne ƙashin bayan kowane sakin layi da za su rubuta har su gama sakandare.

Sashen da zai amsa ƙorafin Alhaji kai tsaye shi ne na sauraron ɗaya ɓangaren, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. Ki kafa doka a aji cewa babu wanda zai mayar da amsa sai ya fara maimaita abin da abokinsa ya faɗa, har abokin ya yarda cewa haka yake nufi. Da farko za su ƙosa, wasu za su maimaita maganar a karkace don su sami sauƙin rushe ta, sai ki juya ga mai maganar ki tambaye shi ko haka ya ce, idan ya ce a'a a sake. A kan taken hunturu, masu adawa suna da hujjoji masu ƙarfi da yaran da kansu za su tono: idan an jinkirta shiga za a jinkirta tashi, alhali yawancinsu suna da Islamiyya da yamma, akwai kuma iyayen da suke ajiye yara a makaranta a kan hanyarsu ta zuwa kasuwa ko ofis, waɗanda ba za su iya jira ba. Bayan an yi zagaye ɗaya, ki sa ɓangarorin su yi musayar wuri, mai goyon baya ya koma mai adawa. Kuma duk ranar da wani yaro ya ce ya canza ra'ayi saboda hujjar da ya ji, ki yaba masa a gaban aji fiye da yadda kike yaba wa wanda ya yi nasara, domin idan ba ki yi haka ba za su ɗauka canza ra'ayi faɗuwa ce.

Sakin layin da kike nema a ƙarshe, kafin a mayar da shi Turanci, zai yi kama da wannan: "Ina ganin ya kamata a jinkirta shiga aji da rabin sa'a a Disamba da Janairu. Mun duba rajista mun ga masu makara sun fi yawa a watannin sanyi, kuma wanda ya makara yana rasa darasin lissafi. Gaskiya ne cewa jinkirta tashi zai taɓa masu zuwa Islamiyya, amma za a iya rage lokacin tara a waɗannan watanni biyu kawai, a kuma bar ƙofa a buɗe ga waɗanda iyayensu suke kawo su da wuri." Jimloli uku ne, amma sun fi shafi biyu na haddar da babu tunani a cikinta. Don juyawa zuwa Turanci, ki liƙa musu kalmomin haɗi na Turanci da suke daidai da domin, misali, gaskiya ne cewa, amma, da saboda haka, su riƙa ɗauka daga bango har su zauna musu.

Ki keɓe darasi guda don maganar gida, ki yi ta a fili ba tare da kin ambaci sunan kowa ba. Ki nuna musu cewa akwai abin da ake neman ra'ayinsu a kai, akwai kuma umarnin iyaye, kuma idan an aiki yaro sai ya je ya dawo tukuna, in yana da tambaya ya yi ta daga baya. Ki sa su gwada a gaban aji yadda ake cewa, Baba, in ka ba ni izini ina da tambaya, da muryar da ake faɗa, da lokacin da ake zaɓa, wato ba a gaban baƙi ba kuma ba lokacin da mutum ya shigo a gajiye ba. Sanin wanda kake yi wa magana da zaɓen kalmar da za ta shige shi rabin fasahar rubutun ra'ayi ne, saboda haka ba ki fita daga manhaja ba ko kaɗan.

Game da duba littattafai 58, kada ki kashe kanki. A rubutun farko ki duba abu uku kawai, ko akwai ra'ayi bayyananne, ko akwai shaida, ko an ambaci ɗaya ɓangaren, kuma yara za su iya taya ki ta hanyar musayar littafi kowa ya ja layi a ƙarƙashin waɗannan uku a aikin abokinsa. Kuskuren rubutun kalma da nahawu ki bar shi sai rubutu na biyu, domin yaron da ya yi tunani mai kyau aka mayar masa da shafi ja wur da biro, gobe zai rubuta gajeriyar jimlar da ya tabbata babu kuskure a cikinta, ko da babu komai a cikinta. Littafi goma a rana ya isa. Idan aikin ya nuna, ki sa aji ya zaɓi mafi ƙarfi a mayar da shi wasiƙa zuwa ga hedimasta, bayan kin roƙe shi tun da wuri ya ba da amsa a rubuce ko da ƙin yarda zai yi. Wasu taken da za su biyo baya suna nan kewaye da ku, kamar zubar da shara a magudanar ruwa, wanda iyayen yaran Unguwar Rogo da Rikkos da Gangare da suka ga ambaliyar Yulin 2012 suna da abin faɗa a kai. Addini da ƙabila da jam'iyya kuwa kada ki kusance su da yara 'yan aji biyar.

Yarinyar ita ce na fi jin tsoron a manta da ita a cikin wannan rigima. Ta yi aikin da aka ba ta da kyau, sakamakon da ta gani shi ne ɓacin ran mahaifinta, kuma idan ba a yi hattara ba abin da za ta koya shi ne yin shiru ya fi. Ki kira ta ita kaɗai ki gaya mata cewa rubutunta ya yi kyau, laifin na taken ne, sannan ki taimaka mata ta shirya yadda za ta ba mahaifinta haƙuri. Idan Alhaji ya amince ta zauna, ki ba ajin duka aikin gida da zai sa kowa ya tambayi wani babba a gidansu game da sana'arsa, ita kuma tata tambayar ta kasance a kan dankali: wanne ya fi wa ɗan kasuwa, ya sayar da kayan da aka kawo daga Bokkos ko Mangu nan take, ko ya ajiye har farashi ya tashi? Amsar tana da ɓangare biyu na gaske, riba a gefe guda da ruɓewa da ɗaurewar jari a ɗaya gefen, kuma babu wanda ya fi mahaifinta sanin su. Za ta zauna a gabansa da littafi tana tambayarsa mene ne dalili, shi kuma yana ba ta.

Mai yiwuwa ne duk da haka ya cire ta, kuma wannan haƙƙinsa ne. Idan haka ta faru, ki tabbata an rubuta a littafin makaranta cewa an yi zama, an janye taken, an ba da haƙuri a gaban hedimasta, domin kada wata rana a ce ke kika kori ɗaliba. Ki ba yarinyar littafinta da kyakkyawar shaida a rubuce zuwa ga malamin da zai karɓe ta, sannan ranar Litinin ki shiga aji da jimlolin nan uku na Jos da Kano. Allah ya dafa miki.